Malam Wataƙila da Anti Hura

"Hura! Hura! Hura! Kada ka tsaya! Saura kaɗan, matso ta duka!"

Wannan ihun ne ya tsayar da Mai Lissafi cak a barandar asibitin, ranar da ya fara aiki. Muryar mace ce, kuma iya ƙarfinta take yi. A ransa ya ce ko gobara ce ko wani ake ƙoƙarin cetowa, sai ya banka ƙofar ko sallama babu.

Babu gobara babu dalilinta. Wani dattijo ne zaune a kujera, an matse masa hanci da ɗan abin roba, ya kafa baki a wani bututu yana busawa, kumatu sun cika, idanu sun yi jajir. A kansa wata budurwa ce tsaye cikin farar riga, tana kaɗa hannu kamar mai horar da 'yan ƙwallo.

"Madalla Baba! Huta. Saura biyu."

Sai a lokacin ta juyo ta ga baƙon, dogo siriri da tabarau, rataye da jakar kwamfuta, baki a buɗe.

"Malam, in numfashi ka zo gwadawa, layi yana waje."

"A'a, ni... na ɗauka wani abu ne ya faru."

"Abu ya faru mana. Baba ya fitar da iska lita uku!"

Ta yi dariya har kumatunta suka lotsa. Shi ke nan, numfashin da bai zo gwadawa ba ya tsaya masa a maƙogwaro.

Ita ce mai kula da ɗakin gwajin huhu. A gida Auta ake ce mata, a asibiti kuwa Anti Hura, don babu wanda bai san muryarta ba, har masu gadin ƙofa. Shi kuma hukumar asibitin ce ta ɗauko shi ya lissafa mata haɗarin ɓarayin intanet: ta ina za su iya kutsowa cikin kwamfutocin, yiwuwar hakan kashi nawa ce cikin ɗari, kuma in sun shigo me za su ɓata.

Da dattijon ya fita, Mai Lissafi ya matsa kusa da kwamfutar da ke haɗe da na'urar. A jikin allonta an manna wata 'yar takarda, an rubuta "hura123".

"Wannan fa?"

"Kalmar sirrina ce. Na manna ta ne don kada in manta."

"Ai ɓarawo ma ba zai manta ba."

Ta harare shi, amma ta ɓare takardar. "To Malam, gaya min gaskiya. Za a yi mana kutse?"

"Wataƙila."

"Wataƙila e, ko wataƙila a'a?"

"In aka bar komai yadda na gan shi yau, tsakanin kashi talatin zuwa arba'in cikin ɗari, kafin shekara ta zagayo."

"Gobe za ka dawo ɗakin nan?"

"Wata..." Ya kama bakinsa, amma aikin gama ya gama.

"Sannu, Malam Wataƙila."

Sunan ya bi shi kamar inuwa. Kafin sati ya ƙare, mai share baranda ma haka take gaishe shi.

Ya dawo washegari, ya dawo jibi. Kwamfuta ɗari uku da 'yan kai ne a asibitin, amma abin mamaki ta ɗakin gwajin huhu ce kullum take buƙatar a sake duba ta. Auta ta gane, ta yi kamar ba ta gane ba.

Wata rana ya tsaya yana kallon takardar da na'urar ta fitar.

"Wannan kashi saba'in da takwas ɗin, na mene ne?"

"Na abin da ya kamata mutum irinsa ya hura," ta ce. "An gwada dubban masu lafiya an yi jadawali. In na sa shekarunka da tsawonka, namiji ne kai ko mace, na'urar za ta ce mai lafiya kamarka lita kaza yake fitarwa, kuma kaza daga ciki a daƙiƙar farko. Sai in auna naka da wancan. Sau uku ake busawa, don busa ɗaya tana iya yin ƙarya."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Murna ta cika shi kamar yaron da ya tsinci ɗan garinsu a tasha.

"Ashe sana'armu ɗaya! Ke kina neman ciwon da bai riga ya kayar da mutum ba, ni ina neman ɓarawon da bai riga ya shigo ba."

"Bambancin dai, ni ina ihu, kai kana ƙunƙuni."

Da yamma saƙonsa na farko ya shigo wayarta.

"Anti Hura, na lissafa. Yiwuwar in wuce ƙofarki gobe ban leƙa ba, ƙasa da kashi ɗaya ce."

Ta karanta sau huɗu kafin ta amsa.

"Malam Wataƙila, wannan kashi ɗayan ma ka goge shi. Kuma ka riƙa cin abinci, iska kaɗan za ta ɗauke ka."

Haka suka yi wata biyu. Kullum suna tare lokacin shan shayi, kullum saƙo, amma kalmar da take jira bai furta ba. Mutumin da ya saba da wataƙila, bakinsa nauyi gare shi.

Akwai kuma wani likitan tiyata a asibitin, mai ƙamshin turare da baƙar mota, wanda ya daɗe yana zarya a kanta. Shi bai san wataƙila ba. Kullum cewa yake, "Ɗari bisa ɗari, ni zan aure ki." Auta takan gaishe shi da ladabi ta wuce.

To, cikin aikin Mai Lissafi akwai wani gwaji. Yakan aika wa ma'aikata saƙon imel na bogi irin na 'yan damfara, ya ƙirga mutum nawa suka danna. Da wannan adadin yake gane girman ramin da ke katangar asibitin. Saƙonnin ya rubuta su tun kafin ya san Auta, kuma kwamfuta ce ke zaɓen wanda za ta tura wa kowa.

Ranar Talata da safe, Auta ta buɗe imel ta ga wannan:

"Wani abokin aikinki ya daɗe yana son gaya miki wata magana, kunya ta hana shi. Danna nan ki karanta."

Ta waiga, babu kowa. Ta gyara mayafi kamar yana ganinta, ta yi bisimilla, ta danna.

Allon ya koma ja, da manyan haruffa: "AN FAƊA TARKO! Wannan gwaji ne daga ofishin tsaron kwamfuta. Za a tura sunanka ga shugaban sashe domin horo."

Ta daɗe tana kallon jan allon. Kunya ta rufe ta, baƙin ciki ya biyo baya. Ita da ta ɗauka ranar ce ta zo, ashe lamba ce kawai a cikin jadawalinsa.

Kafin azahar takardar sunayen ta kai hannun shugabannin sashe, kuma Likita yana cikinsu. A ɗakin shan shayi ya tare ta, gaban mutane.

"Anti Hura, ashe masoyin ɓoye kike nema? Ga na fili kin ƙi, kin tafi wurin wanda yake ɗana miki tarko yana ƙirga ki."

Aka kwashe da dariya. Ta ajiye kofinta ta fita, idanunta cike da ƙwalla.

Mai Lissafi ya kira sau bakwai, ba ta ɗauka ba. Ya tura saƙo, shiru. A rana ta uku ya zauna ya rubuta mata doguwar wasiƙa ta imel, ya zuba duk abin da ya ɓoye wata biyu, ya sa mata take: "Maganar da na daɗe ina son gaya miki."

Auta ta ga taken, ko buɗewa ba ta yi ba. Ta danna maɓallin da shi da kansa ya koya musu, wanda ake kai rahoton saƙon damfara.

Rahoton kuwa ofishinsa yake zuwa. Minti biyu bayan ya tura, sai ga wasiƙar soyayyarsa ta dawo masa da jan tambari: "Ma'aikaciya ta kai ƙarar wannan saƙon. Ana zargin yaudara ce." Ya dafe kai. Ɗalibarsa ta ci jarrabawa, shi malamin ne ya faɗi warwas.

Washegari ya yanki kati kamar kowa, ya bi layi tsakanin wani direban babbar mota da wata mata mai asma. Da aka kira lambarsa ya shiga ya zauna. Auta ta ɗaure fuska tamau.

"Shekaru?"

"Talatin da ɗaya."

"Kana shan taba?"

"A'a."

"Me ke damunka?"

"Numfashina ba ya kai wa ƙasa, yau kwana huɗu."

Ba ta yi dariya ba. Ta matse masa hanci da ɗan robar, har da ɗan mugunta. Shi kuwa da hancin a toshe ya fara magana, muryarsa kamar ta agwagwa.

"Mutum ɗari huɗu na tura wa gwajin nan. Sittin da uku suka danna. Sittin da biyu sun ɓata min rai. Ɗaya kuwa, tun ranar nake ta tambayar kaina abu guda. Ke da kika fi kowa kiyayewa tun da na sa kika ɓare takardar nan, me ya sa kika danna?"

Ta juya baya tana gyara bututun da babu abin da ya same shi.

"Auta, me ya sa?"

"Saboda na ɗauka kai ne!" Ta faɗa da muryar nan da ake ji har bakin ƙofar asibiti. Sai ta toshe bakinta da hannu.

Ya miƙe tsaye, roba a hanci, tabarau a karkace.

"To ni ne. Wancan saƙon kwamfuta ce ta zaɓa, amma maganar da ke ciki tawa ce. Na yi kuskure da ban duba irin saƙon da zai iya kunyata mutum ba, kuma na cire shi daga gwajin gaba ɗaya. Ki yafe min. Ina son ki, Auta. Aurenki nake son yi."

"Wataƙila?"

"Babu wataƙila a nan."

Hawaye da dariya suka zo mata tare. Ta miƙa masa bututun. "Tunda ka yanki kati, sai ka hura. Ja numfashi sosai... Hura! Hura! Hura, Malam Wataƙila!"

Ya samu kashi casa'in da shida. Ta ce sauran huɗun ita ta riƙe.

Daga ranar soyayya ta buɗe kamar an ɓalle famfo. Shi yana ce mata Numfashina, ita kuwa ta ƙi sauya masa suna.

"Numfashina, kin isa gida lafiya? Na ga hadari."

"Na isa, Malam Wataƙila. Mama ta ce wane ne yake sa ni murmushi ni kaɗai. Na ce mata wani mai ƙirga ne. Ka shirya, Baba za ka gani."

Mahaifin Auta kafinta ne, shekara arba'in yana sana'ar. Mutum ne mai magana ɗaya, kuma Auta ce hasken idonsa, Uwata yake kiranta don sunan mahaifiyarsa ta ci. Abu ɗaya ne ya gagare ta a kansa. Shekara uku yana tari, in ya hau matakala sai ya tsaya ya huta, amma ya ƙi zuwa ta gwada shi. Kullum amsarsa, "Huhuna ba kujera ba ne da za a jijjiga a ga ko zai karye."

Kafin Mai Lissafi ya je gaisuwa, Likita ya riga shi. Ya je shagon da sunan yana son a yi masa kantar littattafai, hira ta yi hira, ya saka zancen.

"Baba, yaron nan fa aikinsa ke nan, tura wa mutane saƙon ƙarya. Ita kanta Auta ya yaudare ta, duk asibiti aka yi mata dariya. Ni dai in ka ba ni ita, ɗari bisa ɗari ba za ta taɓa kuka ba."

Da yamma Baba ya kira Auta tsakar gida, Mama tana gefe tana ninke wanki.

"Uwata, gaskiya ne yana tura saƙon ƙarya?"

"Baba, gwaji ne, don a..."

"E ko a'a?"

"E, amma..."

"Shekara arba'in ban taɓa shafa wa farin katako fenti na ce maɗaci ne ba. Ba zan ba da 'yata ga wanda ƙarya ce sana'arsa ba. Wanda ya iya ta a ofis, zai iya ta a ɗaki." Tari ya sarƙe shi, ya daɗe yana yi. Da ya lafa ya ƙara da cewa, "Kada ya zo min gida. Ke ma ki fita harkarsa."

Auta ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, sannan ta ɗauki waya.

"Malam Wataƙila, Baba ya ce a'a. Ba zan saɓa masa ba, kuma ba zan daina son ka ba. Ban san yadda za a haɗa biyun nan ba. Kada ka kira ni sai na neme ka."

Amsarsa ta zo nan take.

"Na ji, Numfashina. Ki bi maganar Baba. Ina nan inda kika bar ni, ba zan gusa ba."

Sati uku suka yi haka. In sun haɗu a baranda sai gaisuwa, kowa ya wuce zuciya cike da kewa. Masu jiran layi suka fara tambaya ko Anti Hura ba ta da lafiya, don ihun nata ya koma kamar na mai jin barci.

Mama ce ta gaji. Wata ranar Asabar ta kai wa Baba ruwa shago, ta same shi yana ƙwanƙwasa wani katako da bayan guduma, kunnensa a kusa.

"Malam, me kake saurare?"

"Gara. In ta ci cikinsa, sautin yakan faɗa."

"Ikon Allah. Katako ba ka yanke masa hukunci sai ka ƙwanƙwasa, amma ɗan mutane ka yanke masa da maganar kishiyarsa... au, abokin takararsa."

Baba ya ajiye guduma. Sai wani murmushin mugunta ya ɓullo masa.

"Ina tsohuwar wayar nan taki, mai layin da ba kowa ya sani ba? Shi da yake ɗana wa mutane tarko, yau zai ga tarkon kafinta."

"In za ka auna, ka auna su duka biyun," in ji Mama. "Mudu ɗaya ake yi wa kowa."

Baba ya sa tabaransa na karatu, yana faɗa Mama tana rubutawa. Sai da suka yi gardama sau uku a kan kalmomi kafin saƙon ya tafi ga mutum biyu:

"Masoyina, ni ce Auta. Wannan sabuwar lambata ce. Baba ya ce ba zai aurar da ni bana ba, ko ga wa. Na gaji. Ka zo bayan asibiti yau da ƙarfe biyar, mu je a ɗaura mana aure a ɓoye, a buga ƙusa a wuce wurin. Kada ka gaya wa kowa, kada ka kira tsohuwar lambata."

Ko minti ɗaya ba a yi ba wayar ta yi ƙara. Likita ne.

"Dama na san ni kike so! Ga ni nan tafe. Rabu da tsohon nan, zai haƙura daga baya."

Baba ya karanta, ya sake karantawa. "Tsohon nan," ya maimaita a hankali. "Ni ne tsohon nan." Mama ta juya kai tana danne dariya.

Amsa ta biyu ta ɗauki minti goma. Da ta zo, doguwa ce:

"Assalamu alaikum. Saƙon nan yana da alamu uku da nake koya wa mutane su guda: sabuwar lamba, gaggawa, da kada ka gaya wa kowa. Kuma Auta ba ta taɓa ce min masoyina ba. Kashi casa'in cikin ɗari, ba ita ba ce. Saura kashi goma: in ke ce, Numfashina, amsata a'a ce. Ba zan shiga gidan mahaifinki ta taga ba, ko shekara nawa zan yi a bakin ƙofa. In kuwa mai buga ƙusar nan Baba ne, ina gaisuwa da girmamawa. Yaya tarin?"

Mama ta saki dariyar da take dannewa har da riƙe ciki. "Na ce maka ka cire ƙusar nan!"

Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Ya karɓi wayar ya rubuta da yatsa ɗaya: "Ka zo shago gobe da safe."

Mai Lissafi ya iso tun kafin a buɗe. Da aka buɗe ya shiga ya durƙusa cikin garin katako ya gaishe da Baba, gwiwoyin wandonsa suka yi fari. Auta da Mama suna bayan ƙofar da ta haɗa shagon da gida, kunnuwa a manne.

"Ashe ka gane ni."

"Ƙusar ce ta tona, Baba."

"To yanzu ni ma na zama maƙaryaci ke nan?"

"A'a Baba, ƙwanƙwasawa ka yi. Abin da nake yi ke nan a asibiti. Gara ni in aika saƙon bogi mutum ya ji kunyar minti biyar, da ɓarawo ya aiko na gaske a rufe kwamfutocin, a rasa bayanan marasa lafiya ana tsakiyar tiyata. Kuma duk wanda na gwada, nan take nake gaya masa gwaji ne."

Baba ya gyaɗa kai, yana shafa gemu. "Wancan ya ce min ɗari bisa ɗari 'yata ba za ta yi kuka ba. Kai kashi nawa ka kawo?"

Bayan ƙofa Auta ta runtse ido. A ranta tana cewa, don Allah yau dai kada ka ce wataƙila.

"Baba, ɗari bisa ɗari na Allah ne. Zama ya yi zama, wata rana zan ɓata mata rai, na ma taɓa yi. Abin da zan iya alkawari shi ne ba zan ɓoye mata komai ba, kuma in na yi kuskure zan bi layi in ba ta haƙuri."

Can Baba ya buga tafin hannunsa a kan teburin aiki, ƙura ta tashi.

"Wannan katakon babu gara a cikinsa. Uwata! Fito, na san kina nan. Ka turo manyanka, yaro."

Auta ta fito da gudu ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka tana godiya, Mama tana ta hamdala. Ƙurar da ta tashi kuwa ta shiga maƙogwaron Baba, tari ya turnuƙe shi har sai da ya dafa bango.

Mai Lissafi ya jira ya lafa, sannan ya ce a hankali, "Baba, kai ka ƙwanƙwasa ni, ban ji haushi ba. Saura katako ɗaya a gidan nan da ba a ƙwanƙwasa ba."

Baba ya dube shi, ya dubi Auta, ya nuna shi da yatsa. "Ka ga ɗan nema! Tun ba a ba shi ba ya fara." Ya yi ajiyar zuciya. "To, Uwata. Gobe ki sa ni a layinki."

Ranar Litinin duk barandar asibitin ta san Anti Hura ta warke.

"Hura Baba! Hura! Hura! Kada ka ba ni kunya! Saura kaɗan!"

Sau uku ya busa. Takarda ta fito da kashi sittin da ɗaya. Auta ta ƙura mata ido, don ta san ma'anar lambar fiye da kowa. Likitan ƙirji ya duba ya ce ƙurar katako ce ta shekara da shekaru ta ƙuntata hanyoyin iskar, amma an zo da sauran dama. Ya rubuta maganin shaƙa, ya ce takunkumi dole a shago, a kuma fasa taga ta biyu. Mai Lissafi da kansa ya riƙe tsani ranar da aka fasa tagar.

Likitan tiyata kuwa, an ce har ƙarfe shida ya yi yana jira a bayan asibiti ranar Asabar ɗin. Kantar littattafansa ma aike ya yi aka karɓo masa.

Wata huɗu bayan haka aka ɗaura aure. Da safiyar ranar saƙo ya shigo wayar amarya.

"Numfashina, yau ce. Wannan ba gwaji ba ne, kada ki kai rahoto."

"Na duba lambar, taka ce. Na danna, Malam Wataƙila. Na faɗa, kuma ba na son a fitar da ni."

Da yamma, kafin a raka ta gidanta, aka kawo su gaban Baba su biyu. Gida ya cika maƙil, 'yan uwa har bakin ƙofa. Baba ya ɗora hannu a kan 'yarsa, ya ja numfashi, ya fara.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku ga juna da idon rahama, Ya ba ku zuriya mai jin ƙai, Ya tsare ku daga gara ta fili da ta ɓoye, Ya sa in an ƙwanƙwasa gidanku a ji shi cike da gaskiya, Ya haɗa kanku har tsufa."

Jama'a suka amsa da amin. A ƙarƙashin mayafi Auta kuka take, leɓɓanta suna motsi. Ango ya sunkuyo ya raɗa mata, "Addu'a kike yi?"

"Ƙirgawa nake," ta ce cikin hawaye. "Daƙiƙa goma sha huɗu, numfashi ɗaya. Ko tari bai yi ba."

Baba ya ji ta. Ya share idonsa da bakin hannun riga, ya dubi surukinsa.

"To Malam Wataƙila, ga Uwata nan. Za ka riƙe min ita?"

"In Allah Ya yarda, Baba."

"Yawwa," in ji Baba. "Wannan ta fi ɗari bisa ɗari. Ku tashi ku je, Allah Ya raka ku."